Daga Samaru Zuwa Maska: Tarken Bunƙasar Wata Ƙaramar Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi zancen wasan kwaikwayon Hausa a yau, hankalin mafi yawan mutane yakan tafi ne ga finafinan Kano, ko kuma ga wasannin rediyo da talabijin na Kaduna waɗanda dattawa suka taso suna saurare da kallo. Ba kasafai ake tuna cewa ƙasar Funtuwa tana da nata gurbin a cikin wannan tarihi ba. Amma kuwa a shekarar 1979 garin Maska ya karɓi baƙuncin wata ƙaramar ƙungiyar 'yan wasa daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka gudanar da aikin da aka sani da Wasan Maska, wanda har yanzu sunansa yake fitowa a littattafan nazarin wasan kwaikwayon Afirka. Ɗalibi a Kenya ko Ingila zai iya cin karo da sunan Maska a littafi, alhali ɗan sakandaren Funtuwa yana iya gama makaranta bai taɓa jin labarin ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan ƙungiya daga tasowarta a Samaru zuwa matakan da ta taka, sannan ta ɗora aikin nata a kan ma'aunin tarke. Ra'ayin da za a kare shi ne, girman ƙungiyar wasa ana auna shi ne da yadda jama'ar da ake yi wa wasan suka mallake shi. Da wannan ma'auni za a ga inda ƙungiyar ta ci nasara, da kuma inda ta tsaya.

2.0 Ƙasar da Aka Kai wa Wasan

Maska tsohon gari ne da ya yi suna wajen saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa, kuma sarautar Sarkin Maska ce hakimin Funtuwa yake riƙe da ita. Ita kuwa Funtuwa hanya ce ta raya ta. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, ga gidan gurzar auduga, ga hanyoyin mota da suka haɗu a cikinta. Wannan ya sa baƙi daga ko'ina suka zauna, garin ya zama babbar kasuwar amfanin gona na yankin da ya miƙa har Malumfashi.

A shekarar 1975 aka fara aikin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa guda uku na farko a Nijeriya, wato Funtuwa da Gusau da Gombe. Aikin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara da malaman gona, kuma ya taimaka ƙwarai wajen yaɗuwar noman masara a wannan yanki. Sai dai manazarta da dama sun yi ƙorafin cewa manyan manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata ne suka fi cin moriyarsa a kan ƙaramin manomi. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa, a 1978 kuma ta kafa dokar da ta mayar da ikon filaye hannun gwamnonin jihohi. A lokacin Funtuwa tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna ne, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

Ke nan manomin Maska na shekarar 1979 mutum ne da ake ta yi wa magana daga sama. Rediyo na yi masa nasiha, malamin gona na yi masa darasi, takardun gwamnati na yanke hukunci a kan gonarsa. Tambayoyin da ke ransa kuwa, wato wa ya sami taki wa ya rasa, wa ke riƙe da sikelin auduga, wa zai ba shi bashi da bazara, ba su da dandalin da za a yi su a fili.

3.0 Irin Wasan da Ƙungiyar Ta Tarar

Kuskure ne a ɗauka cewa 'yan jami'a ne suka kawo wa manoma kwaikwayo. Bahaushe yana da wasannin tashe da yara da samari suke yi a watan azumi, inda ake kwaikwayon halaye iri-iri ana yi wa masu su hannunka mai sanda. Yana da wasan gauta na matan fada, da 'yan kama masu kwaikwayon malamai cikin raha. Mafi kusa da rayuwar manomi shi ne kalankuwa, wasan kaka, inda samari da 'yan mata kan naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka da sauran masu muƙamai, su gudanar da mulkin wasa na 'yan kwanaki. Bugu da ƙari, Funtuwa gari ne da Alhaji Mamman Shata ya daɗe yana zaune a cikinsa, don haka mutanen yankin sun san gwanin fili idan sun gan shi, ba a burge su da abu kaɗan.

Akwai kuma wasan zamani. Tun a shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa, daga baya Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Muhammad Sada ya rubuta Uwar Gulma. A shekarar da aka je Maska, wato 1979, aka buga Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Rediyo da talabijin na Kaduna suna watsa wasannin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero. Kafin wannan duka, dattawa ba su manta da majigi ba, motar da takan shigo ƙauye da dare ta haska farin ƙyalle, a nuna irin su Baban Larai domin koyar da noman zamani.

Waɗannan wasanni na zamani, duk da bambancinsu, sun yi tarayya a abu guda: an gama shirya darasin kafin a iso wurin mai kallo. Nasa shi ne ya kalla, ya yi dariya, ya ɗauka ko ya bari. Wannan ita ce al'adar da ƙungiyar Samaru ta gada, kuma da ita ta yi ta kokawa.

4.0 Asalin Ƙungiyar

An fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1975, a ƙarƙashin Sashen Ingilishi. Jagoran aikin shi ne Michael Etherton, wanda ya zo da gogewar da ya samu a Jami'ar Zambiya, inda aka kafa dandalin Chikwakwa mai fita da wasa zuwa karkara cikin harsunan mutanen ƙasa. Tare da shi akwai Brian Crow, sai kuma matasa 'yan ƙasa irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah da Tunde Lakoju, waɗanda daga baya suka zama sanannu a fannin. Wannan gungu na malamai da ɗalibai ne aka sani a rubuce-rubucen Turanci da sunan ABU Collective.

Gidan wasan da aka gina musu ma ya nuna alƙiblarsu. Wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1970, aka gina shi da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna a gefe da fili a tsakiya, babu labulen da ya raba ɗan wasa da mai kallo. Sun kuma yi aiki a wajen jami'a a garin Samaru, maƙwabcinsu, inda ɗalibai kan shiga unguwanni su tattaro matsalolin jama'a, su mayar da su wasa, su dawo su nuna a fili.

5.0 Matakan Bunƙasa

5.1 Wasan Manoma, Soba, 1977

Mataki na farko a karkara shi ne Wasan Manoma, wanda aka yi a gundumar Soba ta ƙasar Zazzau a shekarar 1977, lokacin da ake tsakiyar yayata Shirin Ciyar da Ƙasa. Tsarin shi ne ɗalibai su je ƙauye su yi tambayoyi, su koma jami'a su ƙulla wasa, sannan su kawo shi ga manoma a tattauna bayan an gama. Ci gaban da aka samu a nan shi ne, labarin daga bakin manomi aka ɗauko shi, kuma da Hausa aka mayar masa. Amma fassarar labarin da warware shi suna hannun ɗalibi, wanda sau da yawa bai taɓa riƙe fartanya ba.

5.2 Wasan Maska, 1979

A Maska an ƙara taku ɗaya. Maimakon 'yan jami'a su kaɗai, an mayar da aikin taron bita da ya haɗa da ma'aikatan raya karkara, waɗanda yau da gobe suke hulɗa da manoma. An bi sawun wani tsari da aka fara a ƙasar Botsuwana a shekarar 1974 mai suna Laedza Batanani, wanda yake da matakai a jere: tattara bayanai daga mutanen gari, tantance matsalolin da suka fi damun su, ƙulla wasa ba tare da rubutaccen littafi ba, nuna shi a dandali, sannan tattaunawa a kan abin yi. Salihu Bappa ya rubuta bayanin wannan aiki a mujallar Convergence ta ilimin manya a shekarar 1981, kuma ta wannan hanya ce sunan Maska ya shiga duniya.

Hikimar shigo da ma'aikatan karkara a fili take. Sun san hanya, sun san harshe, kuma su ne za su rage bayan 'yan jami'a sun tafi. Amma a nan ne kuma gizo yake saƙa. Ma'aikaci ɗan albashi ne, an horar da shi ya kai saƙo, kuma masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan matsalar da manomi ya ambata ta shafi ofishin da ma'aikacin yake yi wa aiki, da wuya ya tsaya a dandali ya kwaikwayi maigidansa. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya karkatar da jigon zuwa ga halin manomi, wato rashin tsafta ko jahilci ko almubazzaranci. Irin wannan suka ce aka yi wa tsarin Botsuwana, har daga bakin waɗanda suka ƙirƙiro shi, kuma ƙungiyar Samaru ba ta tsaya a kansa ba.

5.3 Wasan Bomo, 1980

A shekarar 1980 aka yi aiki a Bomo, ƙauyen da ke kusa da Samaru. A nan manoma da kansu suka shiga fili. Ana fara fitowa, a tsayar da ita, a tambayi waɗanda abin ya shafa ko haka yake faruwa, su gyara, a sake. Wasan ya daina zama kayan da aka gama ƙerawa, ya koma hanyar tunani a bainar jama'a. Wannan ya yi daidai da ra'ayoyin wasu 'yan ƙasar Barazil biyu da ƙungiyar ta karanta, wato Paulo Freire a fannin ilimin manya, da Augusto Boal wanda ya ce mai kallo ya kamata ya zama ɗan wasa.

Domin mai karatu ya ga bambancin matakan uku, a ɗauka an shirya fitowa a kan manomin da ya je sayen taki ya dawo hannu rabbana. A tsarin Soba, ɗalibi ne zai fito a manomin, shi ne kuma zai zaɓi ƙarshen labarin. A tsarin Maska, malamin gona zai shiga cikin masu shiryawa, labarin zai fi kama da gaskiya, amma akwai yiwuwar a ƙare da nasihar cewa manomi ya riƙa yin rajista da wuri. A tsarin Bomo kuwa, wani daga cikin masu kallo zai miƙe ya ce ba a layi ake rasa taki ba, tun da dare aka kwashe shi. Sai a ce masa ya shigo ya nuna yadda ake yi. Wani ya kawo shawarar a kai ƙara wurin dagaci, a gwada a wasa, a ga inda za ta tsaya. Wani ya ce a haɗa kuɗi a saya a ƙungiyance, a gwada wannan ma. Kafin a tashi, gari ya auna hanyoyi uku ko huɗu ba tare da kowa ya yi asarar kwabo ba.

6.0 Tarke

6.1 Jigo

Babban abin yabo shi ne sauya mazaunin laifi. A majigi da mafi yawan wasannin wayar da kai, manomi shi ne matsalar, ilimin zamani shi ne maganin. Ƙungiyar Samaru, cikin shekara uku kacal, ta matsa daga nan zuwa tambayar wa ke riƙe da taki da fili da farashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan karin magana ita ce taƙaitaccen jigon aikin nasu. Maska ce mahaɗar wannan tafiya, domin a can ne aka gwada tsarin kai saƙo iyakar ƙarfinsa, aka ga inda ya tsaya.

6.2 Zubi da Tsari

Rashin rubutaccen littafi ƙarfi ne, domin ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba, kuma ya yi kusa da tashe da kalankuwa inda ba a haddace magana. Haka nan da'irar da masu kallo kan yi a dandali ta fi dogon dandamali dacewa da wasan da ake son a katse shi. Amma wannan ƙarfi yana tafe da hasara. Uwar Gulma da Kulɓa Na Ɓarna suna nan a hannun ɗalibai, ana iya karanta su a sake nuna su. Wasan da aka ƙulla a fili kuwa yakan tafi da ranar da aka yi shi, sai dai rahoton da masu shiryawa suka rubuta, shi ma da Turanci. Sakamakon haka, labarin Maska ya fi samuwa a ɗakunan karatu na jami'o'i fiye da a Maska.

Har ila yau akwai batun gwaninta. Wasan da ake tsayarwa ana muhawara yana iya zama taro mai amfani amma maras armashi. Mutanen da suka saba da kalangun Shata da barkwancin Samanja ba za su daɗe a tsaye ba idan babu daɗin kallo. Duk ƙungiyar da ta ɗauka cewa kyawun manufa zai rufe raunin fasaha, za ta rasa masu kallo a fitowa ta biyu.

6.3 Harshe da 'Yan Wasa

Jami'ar Ahmadu Bello tana tara ɗalibai daga ko'ina a Nijeriya, don haka da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar ba Hausawa ba ne, manyan jagororinta biyu kuwa Turawa ne. Wannan ya ɗora nauyi mai yawa a kan masu jin Hausa irin su Salihu Bappa. Hausar manomi cike take da habaici da zaurance da shaguɓe, kuma sau da yawa abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda bai faɗa kai tsaye ba. Baƙo yana iya rubuta amsar da aka ba shi daidai, ya rasa abin da ake nufi. Wannan ma dalili ne na fasaha, ban da na siyasa, da ya sa shigowar manoma cikin wasan ta zama dole, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sannan akwai waɗanda dandali ba ya kaiwa gare su. Matan aure da ke cikin kulle ba sa fitowa kallon wasa a ƙofar fada ko bakin kasuwa, alhali su ne masu sussuka da surfe da sana'o'in cikin gida, kuma su ne suka fi sanin ciwon rashin ruwa da rashin magani. Muryar gari da aka ji a fili rabin murya ce.

6.4 Matsalar Baƙunci

Mafi girman rauni shi ne ƙungiyar baƙuwa ce a duk inda ta je. Kalandarta ta jami'a ce, motarta ta jami'a ce, 'yan wasanta kuma ɗalibai ne da za su gama su watse. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Manomin da ya fito fili ya kwaikwayi mai rabon taki, shi ne zai kwana a garin tare da mai rabon takin. Kuma haɗarin ba na wasa ba ne a wancan zamani. A watan Afrilu na 1980 an kashe manoma a Bakolori ta tsohuwar Jihar Sakkwato a rikicin diyyar gonakin da madatsar ruwa ta ci. A ƙasar Kenya, an tsare marubuci Ngugi wa Thiong'o a ƙarshen 1977 saboda wasan da ya shirya da manoma da leburori a Kamiriithu, a 1982 kuma hukuma ta rushe dandalin. Wanda ya buɗe wa talaka baki, wajibi ne ya tambayi kansa wa zai tsaya tare da shi gobe.

Masu aikin su kansu sun yi ta ambaton wannan matsala ta rashin bibiya. Kafa ƙawancen masu wasan al'umma na Nijeriya a shekarar 1989, wanda Oga Steve Abah yake cikin jagororinsa, wani yunƙuri ne na samar wa aikin gida a wajen ajin jami'a. Duk da haka, dogaro ya koma kan masu ba da tallafi, su kuwa sukan zo da nasu jigon a rubuce. Ta haka tsohon majigi yakan dawo ta ƙofar baya.

7.0 Kwatanci da Hanyar Kano

Domin a ga cewa akwai wata hanyar girma, yana da kyau a dubi ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano. Ita ƙungiyar 'yan gari ce, ta samari masu sha'awar wasa, wadda ta yi wasannin dandali da na talabijin kafin ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a shekarar 1990, fim ɗin da ake ɗauka shi ne mafarin kasuwar finafinan Hausa ta Kano. Kafin shekara goma sana'ar ta cika gari, ta sami laƙabin Kannywood a 1999, a 2001 kuma Jihar Kano ta kafa mata hukumar tace finafinai.

Hanyar Kano ta warware matsaloli biyu da suka gagari Samaru. Ta farko, ta ciyar da kanta daga aljihun mai kallo. Ta biyu, kaset ya tsallaka zaure ya shiga har ɗakin matar kulle. Amma ta biya farashi. Mai kallo ba ya iya tsayar da kaset ya ce ba haka abin yake ba. Jigo ya karkata ga soyayya da rikicin gidan attajiri, domin su ne kasuwa take so, manomi kuwa a finafinai da dama sai ya fito a matsayin baƙauyen da ake yi wa dariya. Samaru ta ba manomi murya amma ba ta zauna da shi ba, Kano ta zauna daram amma ba da muryarsa ba. Ƙungiyar da ƙasar Funtuwa take buƙata ita ce wadda za ta haɗa zaman ɗan gari da kunnen mai saurare.

8.0 Darussa ga Malamai da Dattawa

Na farko, makaranta ita ce ta fi cancanta ta zama gidan irin wannan ƙungiya, domin ba ta tashi. Malamin Hausa da ke koyar da Uwar Gulma zai iya, bayan an karanta fitowa, ya tsayar da ɗalibai ya tambaye su abin da ya kamata tauraruwar ta yi, sannan a gwada amsoshin a gaban aji. Wannan ba ya buƙatar kuɗi ko dandamali.

Na biyu, a ɗauko jigo daga gida. Ɗaliban Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwar hatsi. Su tambayi iyayensu a kan bashin bazara da awon kaka da tsadar taki da rikicin burtali, su kawo aji.

Na uku, a rubuta. Duk wasan da aka ƙulla, a sa ɗalibi biyu su rubuta shi da Hausa bayan an nuna, tare da gyare-gyaren da masu kallo suka kawo, a ajiye a makaranta. Wayar hannu ma ta isa ɗaukar hoto da murya.

Na huɗu, a nemi mata inda suke. Makarantun 'yan mata da islamiyyun matan aure da azuzuwan yaƙi da jahilci wurare ne da za a iya yin wasa na mata zalla, ba tare da an saɓa wa al'ada ba.

Na biyar, a sa dattawa a ciki tun daga farko. Kalankuwa ba ta taɓa yiwuwa sai da izinin manya, kuma wannan izini ne yake ba samari damar faɗin abin da ba a faɗa a ranar da ba ta wasa ba. A kuma guji kama suna, a kwaikwayi hali a bar mutum. Matsalar tsaro da ta addabi kudancin Jihar Katsina, wadda sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya fito da ita ga idon duniya, ta sa taron dare ya yi wuya a wurare da dama, don haka wasan rana a harabar makaranta shi ne mafi dacewa.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Samaru daga kafuwarta a 1975, zuwa Soba a 1977, da Maska a 1979, da Bomo a 1980. An ga cewa bunƙasarta ta kasance ne ta hanyar sakin ragamar wasa sannu a hankali, daga hannun ɗalibi zuwa na ma'aikacin karkara, daga nan zuwa na manomi. An kuma ga iyakarta ta fuskar harshe da rashin rubutu da rashin mata, da uwa uba baƙunci. Hukuncin da ya dace da ita shi ne, ta gano hanya mai kyau, amma ba ita ce za ta iya zama a kanta ba. Wannan aikin 'yan gari ne.

Akwai kuma aikin gaggawa. Samarin da suka tsaya a dandali suka kalli Wasan Maska a 1979 yanzu dattawa ne da suka haura shekara 60. Ya kamata malaman tarihi da na Hausa na yankin su je su zauna da su, su ɗauki abin da suka tuna da abin da suka ɗauka game da baƙin, a kuma fassara rahoton Salihu Bappa zuwa Hausa a ajiye su gefe da gefe. An ji labarin Maska daga bakin waɗanda suka kai wasan. Saura a ji shi daga bakin waɗanda aka kai wa.